Dankalin Gidan Bijimi

Maganar daga bakin famfo ta taso, ta ratsa ta shagon mai niƙa, kafin ta iso ɗakin Malama har ta yi ƙiba. Wai matar Bijimi mahauci dukansa take yi. Wai tun da ciwon zuciya ya kayar da shi bara ta ga ƙarfi ya ƙare, sai ta hana shi nama, ta hana shi mai da gishiri, ta ɗora shi a kan dafaffen dankali safe da rana da dare, in ya ce uffan ta tura ƙofa ta lakaɗa masa na jaki. Masu katanga ɗaya da su sun rantse kullum da azahar suna jin ihunsa kamar ana zare masa rai.

Mai Kitso ce ta kawo labarin, kan Malama na tsakanin gwiwoyinta, tana tsaga furfura da kibiya.

"Ni dai don ƙaninki ne, Malama. Ciki ɗaya kuka fito, bai kamata ki tsinci zancen a titi ba."

"Yo ke ba titin ba ce? Sassauta hannu, gashin nan ba shi da magaji."

"Au, ba ki yarda ba?"

"Kin gani?"

"Ban gani ba, amma duk layinsu sun ji. Ihun ƙato guda ai ba ya ɓoyuwa."

"Ita fa? An ji muryarta?"

Mai Kitso ta yi dariya har kibiya ta suɓuce mata. "Malama ke nan. Mai duka kuka yake yi? Ai wanda ake duka shi ke ihu."

Malama ta shiga auna maganar a ranta. Ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koyar da kimiyya a makarantar sakandare, inda ɗalibai suka laƙaba mata Ina-Hujja, kuma ritaya ba ta raba ta da halin ba. Duk maganar da ta ga kowa ya yi na'am da ita, ita take fara kifawa ta duba ƙasanta.

Bijimi kuwa ita ta goya shi. Shi ne autansu, uwarsu ta rasu yana rarrafe, a bayan Malama ya yi fitsari, a hannunta ya koyi tafiya. Gari na ce masa Bijimi don a zamaninsa shi kaɗai yake kama ƙahon sa ya murɗe wuya ya kai shi ƙasa. Ita har gobe Auta take ce masa. Matarsa tela ce, kuma da Tela aka san ta, 'yar siririya mai magana ƙasa-ƙasa, in iska ta yi ƙarfi sai ta dafa bango. A ce wannan ce take dukan wancan? Amma Malama ta daɗe a duniya. Ta ga abin da mai jinya kan zama idan jinya ta yi tsawo, ta ga masu sanyin murya da mugun hannu. Ba ta wanke kowa ba. Abin da ta sani shi ne duk ranar da ta aika cewa za ta zo gidan, sai ta tarar an share tas, an kunna turare, kowa na washe baki. Saboda haka wannan karon ba ta gaya wa kowa ba.

Washegari da hantsi ta ɗauki sandarta, ba gidan ta nufa ba, mayanka ta fara zuwa. Tun daga nesa ƙarni ya tare ta. Simintin ya jiƙe da jini da ruwa, kwata na gudu jawur, ungulaye sun jeru a kan kwano suna jiran rabonsu. Ta rakuɓe a bayan matan da ke sayen kayan ciki, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

An jawo wani baƙin sa, igiya a ƙafarsa ta baya, yana huci yana turjiya. Mahauta suka yi kansa, sai ga Bijimi ya ratso su yana ture su da gwiwar hannu.

"Ku matsa. Tun kuna tsumma nake kayar da irinsa."

Ya rame, ta gani. Rigar da a da take ɗame shi yanzu lilo take yi a kafaɗa, ga wani tabo sabo a goshi. Ya cafki ƙahon, ya sa kafaɗa, ya murɗa. Wuyan dabbar ya fara karkata. Sai numfashinsa ya sarƙe, bakinsa ya buɗe kamar na kifin da aka jefo tudu. Dabbar ta ji hannu ya saki, ta yi girgiza ɗaya ta watsar da shi cikin kwata. Sauran suka ja igiya, ta faɗi rim, suka danne ta, wuƙa ta bi ta maƙogwaro. Jini ya yi tsartuwa har kan ƙafar Bijimi, yana zaune cikin ƙazanta yana haki.

Akwai wani mai fiɗa a wurin, irin mutanen nan da bakinsu ya fi wuƙarsu kaifi. Ya dafa ƙugu ya leƙa kwatar.

"Sannu, Baba Dankali! Ko ba a ba ka na safe ba ne? Gobe a aika gida uwargida ta zo ta kayar mana, tunda an ce ita ce mai hannu."

Mayanka ta ɗauki dariya, har matan kayan ciki. Bijimi ya tashi a hankali, ruwan kwata na ɗiga daga wandonsa. Bai kalli kowa ba. Ya sunkuya ya ɗauki ƙafar sa da aka datse, kofato da komai, ya auna nauyinta a hannu, ya juyo ya shimfiɗa wa mai fiɗa ita a baki. Ƙarar ta yi kamar an fasa ƙwarya. Mutumin ya faɗi da baya, Bijimi ya hau ruwan cikinsa ya shiga narka masa naushi, kowane naushi da kururuwarsa, irin kururuwar da mahauta kan yi in suna ɗaga nauyi, sai dai wannan da kuka-kuka a ciki. Da ƙyar ƙarti suka ɓamɓare shi. Mai fiɗa ya zauna yana tofar da haƙora cikin tafin hannu, yana kallonsu kamar ba nasa ba.

Wani tsohon mahauci da ke wasa wuƙa kusa da Malama ya girgiza kai. "Kin gani ko, baiwar Allah? Haushin gida yake saukewa a kanmu. Matar nan ta gama da shi."

Malama ba fuskar ƙaninta take kallo ba, hannuwansa take kallo. Ya je bakin duro yana wanke su, ruwa ya kwashe jinin, ta ga bayan yatsun sarai. Akwai fashewar yau, ja, tana tsattsafo. A ƙarƙashinta kuma akwai tsofaffi, wasu sun yi ɓawo, wasu sun yi baƙi, sun fi na yau yawa nesa. Wuƙa ba ta yi wa mahauci ciwo a wannan wurin. Kuma hannun da ya zubar da haƙoran ƙato yanzun nan, shi ne zai kasa kare kansa daga Tela?

Daga bakin duron ya wuce inda ake babbakar kai da ƙafa, ya yanki kitse kamar rabin tafin hannu, ya soke shi a bakin wuƙa ya kara a wuta, ya dangwala a gishiri ya haɗiye da zafinsa. Malama ta ce a ranta, to, ga kuma karatun da likita bai sani ba. Ta juya ta fita.

Rana ta take sosai kafin gwiwoyinta su kai ta gidan. Ta tura ƙofar langa-langa ta yi sallama. Ƙarar keken ɗinki ta tsaya cak.

"Yaya! Ba ki aiko ba."

"Gidan ƙanena sai na aiko? Matarmu, ba ni ruwa, tsufa ya sa ni gaba."

Tela ta fito daga ɗakin ɗinki tana jan ƙafa ɗaya. Cikin wannan zafin tana sanye da riga mai dogon hannu, ta naɗe wuya da mayafi mai kauri. Malama ta zauna a kujera 'yar tsugunne tana shan ruwa, idonta na yawo. Ƙofar kicin ta karkace, tana rataye da fatar ƙarfe ɗaya. Bangon baranda, daidai tsayin kan mutum, ya yi dabbare-dabbare da wani abu ruwan ɗorawa da ya bushe, an kankare wani, wani ya ƙi fita. A kwandon wanke-wanke babu abin fashewa ko ɗaya, sai kwanonin ƙarfe, kowanne da lotsawarsa.

"Ina farantan tangaran da na ba ki?"

"Sun ƙare, Yaya."

"Cinye su kuka yi?"

Tela ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta jawo buhun dankali ta fara ferewa, irin mai zaƙin nan mai jan ciki. Tukunya na kan wuta, ruwa ya fara motsi.

"Kullum shi ke nan?"

"Likita ne ya ce."

"Me ya ce? Faɗa mini yadda ya faɗa, kada ki ƙara masa gishiri, tunda an hana."

"Ya ce a rage gishiri da kitse. A yawaita ganye da wake da kifi da dankali irin wannan, dafaffe, ba soyayye ba. Ya riƙa shan magani kan lokaci." Ta jefa wanda ta fere cikin ruwa. "Ganye ya ce shi ba akuya ba ne. Kifi ya ce mahauci ba ya cin abin da ba a yanka ba. Wake ya ce yana kumbura masa ciki. Dankalin ne kaɗai yakan ɗan taɓa wani lokaci, shi ya sa na riƙe shi. An ce yana wanke jijiya."

"Wa ya ce?"

"Kowa ma."

"Kowa ba likita ba ne. Dankali abinci ne mai kyau, ni ma ina ci, amma ba sabulu ba ne. Cikin abinci aka lissafa miki shi, ba a ce shi ne maganin ba. Tabon goshinsa fa?"

"Jiri ne ya kwashe shi, ya bugi dakali."

"Yana me?"

Wuƙar ta tsaya a hannun Tela. 

"To, sai kuma me likitan ya ce?"

"Ya ce kada a ɓata masa rai." Muryar ta ƙara yin ƙasa. "Ya ce irin wannan zuciyar ba ta son tashin hankali, tana iya tsayawa. Ni ya kalla da ya faɗa, Yaya. Duk da mutane a ɗakin, ni ya kalla."

"Kin san abin da ake faɗa a kanki a gari?"

"Na sani. Masu kawo ɗinki ma sun ragu."

"Gaskiya ne?"

Tela ta ɗaga kai ta dubi inuwar katanga, ta ga inda ta kai, sai ta ajiye wuƙar da sauri. "Yaya, ki tafi kafin ya dawo. Don girman Allah. In ya gan ki zai ce ni na kira ki, ransa zai ɓaci."

"Ai ban zo ba. Ba ki gan ni ba."

Ta dogara sanda ta miƙe, ta ɗauki takalmanta a hannu, ta shige ɗakin ɗinki. Akwai igiya da aka rataye ɗinkakkun kaya daga bango zuwa bango. Ta zauna a bayansu a kan buhun ƙyallaye, inda take hango baranda ta tsakanin riguna biyu. Tela ta biyo ta tana roƙo da hannu bibbiyu, tana komawa duba tukunya tana dawowa, har dankalin ya nuna, sai aka ji ƙarar babur a waje. Ta koma da gudu-gudu, da ɗingishinta.

Bijimi ya shigo babu sallama, jini ya bushe a wandonsa. Ya zauna a tabarmar baranda ya miƙe ƙafa. Tela ta durƙusa ta ajiye kofin ruwa, da ƙwayar magani a murfin kwalba, da kwano a rufe. Ta ja baya kaɗan, ba ta tashi ba. Malama ta lura da yadda ta zauna: ta kawar da fuska gefe, ta dunƙule kafaɗu, kamar mai jiran ruwan sama a fili.

Ya buɗe kwanon. Tururi ya tashi. Ya daɗe yana kallo.

"Kin san sunan da aka raɗa mini yau?"

"Ka yi haƙuri."

"Baba Dankali. Ni. A gaban yaran da na koya wa riƙon wuƙa." Ya yi wata 'yar dariya. "Wai ke ce mai hannu. Wai a kira ki ki kayar musu da sa."

"Ka sha maganin tukuna, sai..."

Kwanon ya wuce ta gefen kunnenta ya daki bango, dankalin ya manne a kan tsofaffin tabban. Kafin ƙarar ta mutu ya damƙi mayafinta ya fizgo ta, ya buga kanta da ginshiƙin baranda. Sai kururuwar nan ta mayanka ta cika gidan.

"Wayyo ni! Za ki kashe ni! Kin kashe ni, kin mai da ni mace! Wayyo Allah, matar nan za ta kashe ni!"

Kowace kalma da naushinta. A haƙarƙari, a gadon baya, a cinya, duk inda riga ke rufewa, kamar yadda ya san inda ake saran nama a bar fata lafiya. Tela ba ta kare ba, ba ta gudu ba. Ta cusa bakin mayafi cikin bakinta ta cije. Babu abin da ke fita daga gare ta sai wani ɗan gurnani ta hanci. Da ya tsaya jan numfashi, sai ta zare mayafin daga baki.

"A hankali," ta ce. "Zuciyarka. Zauna ka huta tukuna."

Malama ta zo ne ta gani, kuma ta gani. Amma gwiwoyinta suka ƙi ta. Ta yunƙura ta koma, ta sake yunƙurawa ta kama igiyar kayan, igiyar ta tsinke, riguna suka zubo mata a ka. Kafin ta fito daga cikinsu ya shiga kicin ya fito da tukunyar, ruwan na tafarfasa, ya riƙe ta da gefen rigarsa.

"Tunda dafawa kika iya, bari ki ji yadda ake dahuwa."

"Auta!"

Ta kai masa sanda a wuyan hannu da duk abin da ya rage mata na ƙarfi. Tukunyar ta kife. Ruwan ya watsu a siminti, ya wanke masa ƙafa ɗaya, ya fallatsa wa Tela a ƙwauri. Ya yi ƙara ya juyo. Ya gan ta. Ta tabbata ya gan ta, don idonsu ya haɗu, har bakinsa ya motsa kamar zai ce Yaya. Sannan bayan hannunsa ya sauka a fuskarta.

Tabaraunta ya tashi sama. Ta ji ƙasa ta zo ta same ta, ta ji gishiri-gishiri ya cika mata baki, wani abu mai tauri yana yawo a kan harshenta. Ta tofar, haƙori ne. Sai ta buɗe maƙogwaron da ya saba tsayar da aji guda cak, ta kwarma ihu.

"Jama'a! Ku kawo ɗauki! Jama'a!"

Bijimi ya yi taku ɗaya zuwa gare ta, na biyun bai samu ba. Ya dafe ƙirji. Fuskarsa ta yi toka-toka, gumi ya karyo masa, ya sulale a jikin ginshiƙi ya zube, ƙafar da ta ƙone tana karkarwa. Tela ta rarrafa ta cikin ruwan zafi ta shiga ɗaki, ta fito da 'yar ƙwayar da likita ya ce a sa masa ƙarƙashin harshe in abin ya taso. Haƙoransa sun datse. Ta laluba ta samu ludayin ƙarfe a ƙasa, ta hau kansa ta dafe goshi, tana neman cusa mariƙin ludayin tsakanin haƙoran.

A haka ƙofar langa-langa ta faɗo ciki.

Mutanen layin sun daɗe suna jin ihu ta katanga suna cizon yatsa, suna cewa sha'anin gida ne. Yau an kira su da baki. Makanike ne a gaba, mai shagon gyara da ke jikin gidan, hannunsa baƙi ƙirin da mai, bayansa mata da maza har da masu zani a ƙirji. Abin da suka gani kuwa bai bar musu tambaya ba. Ga Bijimi a ƙasa yana fizge-fizge, ƙafa ta saɓule. Ga tsohuwa yashe, jini na bin haɓarta. Ga Tela a kan ƙirjin mijinta da ƙarfe a bakinsa.

"La'ilaha! Har da tsohuwa!"

"Kashe shi za ta yi! Ku riƙe ta!"

Wata ƙatuwar mata ta damƙi gashinta ta finciko ta, ta ja ta a siminti har tsakar gida. Mari ya fara sauka ta ko'ina. Wani ya cire takalmi, wata ta zaro itace daga bakin kicin. "Muguwa! Azzaluma! Yau Allah ya tona ki!" Ana shuri, ana tofi, masu baya na ture na gaba don su ma su samu. Tela ta dunƙule kamar yadda ta saba, ba ta yi kuka ba. Hannu ɗaya kawai ta miƙo ta tsakanin ƙafafunsu, a dunƙule.

"Ku ba shi," take cewa. "Ƙarƙashin harshe. Ku ba shi."

Wani ya taka hannun.

Malama ta yi magana, jini ya shaƙe ta, ba wanda ya ji. Ta juya tana neman sandarta, sai ta yi ido biyu da ƙaninta. Yana jingine da ginshiƙi, numfashi na fita da ƙyar, amma hankalinsa na jikinsa. Yana ganin abin da ake yi a tsakar gidan. Ya dube ta, ya girgiza kai a hankali, sau ɗaya. Ta gane. Roƙonta yake yi ta yi shiru. In ta yi shiru, shi ne majinyacin da aka zalunta, za a ɗauke shi a kai asibiti ana yi masa sannu, a gobe mayanka ma ta ji kunyar dariyar da ta yi. In ta buɗe baki, babu layin da zai sake bi da kai a sama, in ma zuciyar ta bar shi ya tashi. Ba shi da kowa a duniya da ya girme shi sai ita.

Itacen ya sake sauka a bayan Tela, ƙarar ta yi kamar ana bugun katifa.

Malama ta bar neman sanda. Ta rarrafa, gwiwa da tafin hannu, ta kutsa ta tsakanin ƙafafu, ta kwanta a kan Tela ta rufe ta da jikinta. Mai itacen ta riga ta ɗaga, ba ta iya tsayar da hannu ba, ya sauka a kafaɗar tsohuwar. Wani abu ya yi ƙas a ciki. Sai kowa ya ja baya, gidan ya yi tsit, ba a jin komai sai hakin Bijimi.

"Innalillahi! Malama, ba ke na nufa ba, wallahi..."

"Na san wadda kika nufa." Ta tofar da jini. Ta ɓamɓare yatsun Tela da aka taka, ta ciro ƙwayar, ta miƙa sama. "Kai Makanike, karɓi. Ɗaga harshensa ka sa masa, ka je ka tayar da mota. In ka tsaya kallona zai mutu a hannunka."

Makanike ya karɓa, ya nufi baranda.

"Ke kuma mai itace, tunda hannunki na da ƙarfi, zo ki tayar da ni zaune."

Aka tayar da ita. Hannunta na hagu ya ƙi ɗaguwa, sai ta yi da na dama. Ta kama hannun rigar Tela ta naɗe shi har kafaɗa. Tela ta so janyewa, tana cewa, "Yaya, yana gani, ransa zai ɓaci." Malama ta riƙe gam. Ta warware mayafin daga wuyanta ta jefar.

"Maza ku juya baya. Mata ku matso, ku ɗaga rigar nan ku duba."

Suka matso. Ƙatuwar matar ce ta ɗaga, ta saki da sauri, ta toshe baki. Daga wuya har ƙugu babu wurin da za a ɗora tafin hannu a kan lafiyayyar fata. Wani ya yi baƙi, wani ya koma kore-kore, wani ya fara washewa. A ƙasan kafaɗa akwai ƙuna mai siffar dutsen guga, ta daɗe da warkewa. A wuya shatin yatsu ne, manya.

"Naku na yanzu bai kai ga yin baƙi ba tukuna," in ji Malama. "Ku ware shi, ku dubi sauran."

 Wani dattijo daga bakin ƙofa, ya juya baya kamar yadda aka ce, ya yi gyaran murya.

"Amma Malama, mu fa ihunsa muke ji. Kullum shi ke cewa za ta kashe shi. Ita ko tari ba mu taɓa ji ba."

A waje mota ta tashi. Maza suka ciccibi Bijimi, suka ratso da shi ta tsakar gida, kansa na lilo, idonsa a kan yayarsa. Ba ta kawar da nata ba. Ta goge baki da bayan hannu, ta ɗaga murya yadda na bakin titi ma za su ji.

"Shi ke ihu, shi ke duka. Ita shiru take yi, don an ce mata kada a ɓata masa rai. Bakina ma shi ya fasa. Matar nan ba ta taɓa ɗaga masa hannu ba. Dankali kawai ta dafa masa."